Waƙar Da Ta Yanke Kafin Sunan Mahaifin Kaka

Akwai wani saurayi a unguwarmu nan Yamai, ana ce da shi Hamani. Yana da rumfa a bakin kasuwa, inda yake sauke wa mutane waƙoƙi a waya. Hannunsa da sauri, bakinsa ya fi hannun sauri.

Ya daɗe yana son Bibata, mai sayar da dambun zogale a gefen rumfarsa. Wata rana ta zo masa da wayar kakarta.

"Hamani, Kaka gobe za ta koma ƙauye, can kuwa babu netwok. Akwai tsohuwar waƙar molo ta zuriyarmu, an ce wani ya ɗora ta a intanet. Ka sauke mata."

"Wannan ma aiki ne? Kafin ki juya dambunki an gama."

Ya samo waƙar, ya danna. Ta ɗan tafi, ta tsaya cak. Ya sake, wayar ta ce babu wuri. Ya goge tarkace, ya sake, sai aka ɗauke wuta, netwok ya bi ta. Ga samari sun cika rumfa, kowa na miƙo waya.

"Kai gwani, yau waƙar tsofaffi ta kayar da kai?"

Hamani ya yi tsaki. Ya ga abin da ya sauka yana buɗewa, ya ji molo ya fara, ya kashe.

"Ga shi nan. Ai duk kukan molo ɗaya ne."

Mu kuwa Zabarmawa mun san yadda maroƙi yake jero zuriya. Daga kakannin nesa yake farawa, na kusa sai can ƙarshe.

Kaka ta isa ƙauye, ta tara matan gari, har da taubasanta masu jiran abin tsokana. Aka kunna waƙar, maroƙi ya yi ta gangarowa. Saura kaɗan ya ambaci mahaifinta, waƙa ta mutu.

Wata taubashiya ta kira Kaka da sunanta: "Au, Gambi, ashe ko maroƙi bai san babanki ba?"

Aka fashe da dariya. Tsohuwa ta shige ɗaki, ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Da labari ya iso, Bibata ba ta ɗaga murya ba.

"Abu ɗaya na taɓa roƙonka," ta ce, ta ɗauke tirenta ta koma wancan gefen titi.

Hamani ya rufe rumfa. Ya nemi inda netwok ke da ƙarfi, ya faro sauke waƙar daga farko a tasa wayar. Ta katse, ya sake. Ta kuma katsewa, ya haɗiye takaici ya sake. Da ta kammala, ya saurara har ƙarshe, sannan ya hau motar Dosso da kansa, ya nufi ƙauyen Kaka.

Kaka ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne mai gaggawar? Zauna nan, mijin banza."

Ta sa aka kira matan. Da maroƙi ya kira sunan mahaifinta, ta rufe fuska da mayafi, taubasan nan suka rangaɗa guɗa.

Hamani ya yi ƙasa da murya. "Kaka, maganar Bibata fa?"

"Ka dawo bayan girbi. In ga ko ka iya jira."

Darasi: Aikin da ka raina ka yi rabi, wataƙila mutuncin wani ne a ƙarshensa. Ka duba aikinka kafin ka miƙa. Ku tura wa masu gaggawar da kuka sani.