Siririyar Muryar Tsattsewa

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Wata Tsattsewa ce iskar damina ta ɗauko daga ƙetaren babban kogi, ta sauke ta a tsamiyar kurciyoyi. Inuwa luf, ganye na rausaya, kurciyoyi na kuka ƙasa-ƙasa kamar masu magana cikin barci. Ta yi sheƙa, ta saka ƙwai uku. To, a danginsu ƙwai ba ya fashewa sai ɗan da ke ciki ya ji waƙar uwarsa.

Yaren garinsu kuwa a sama yake, siriri kamar zare. Ita rarrashi take yi, amma kurciyoyi, da ba su taɓa jin irinsa ba, ihu suke ji. Su kuma in sun gaishe ta da tasu muryar, sai ta ji gunaguni, ta ɗauka gulmarta ake.

Gizo ya hango ƙwai, yawunsa ya tsinke. Nan take ya naɗa kansa tafinta, shi da ko nasa yaren bai gama iyawa ba. Ya ce mata maƙwabta sun ce ta rage murya ko ta tattara ta tashi. Ta rage. Kashegari ya dawo, wai har yanzu kunnuwansu na zogi. Ta ƙara ragewa, baiwar Allah. A karo na uku ta yi shiru ɗungurungum, ƙwai ma suka yi tsit.

Gizo ya ɗaga guda ya girgiza, ya ce cikin tsamin bakinsa: "Wannan baya-guybi ne, bayi in yay miki."

Ya yar da shi kuwa, amma a cikinsa. Tsattsewa ta yi kuka marar sauti, tana tsoron kada hawayen ma a ce sun yi ƙara.

Shirun ya dami wata tsohuwar Kurciya. Ta matso har bakin sheƙar, ta karkata kai, ta yi mata alama ta rera. Tsattsewa ta rera. Ko ganyen da ke gefensu bai motsa ba.

Kurciya ta ce: "'Yar nan, ashe muryarki ba ƙarfi gare ta ba, siranta ce. Kunnenmu ne bai saba ba."

Tsattsewa ba ta ji yaren ba, amma da muryar ta zo kusa, ta gane babu gulma a cikinta. Sai ta saki waƙarta yadda uwarta ta koya mata. Ƙwai ɗaya ya tsage, na biyu ya tsage. Gizo ya sulale. 'Yan tsaki biyu suka fito, ita kuwa ta ci gaba da rera wa gurbin na ukun.

Don haka, kafin ku ce wa baƙo ya rage murya, ku matsa kusa ku saurara da kunnenku, ba da na tafinta ba.

Kungurus kan kusu, sai kowa ya nemi shimfiɗarsa.