Gidajen Hawan Magina Marasa Kusurwa

Kuna son jin dalilin da ya sa gidajen Hawan Magina ba su da kusurwa? To ku matso. Wanda ya ce muku awaki ne suka goge su garin sosa ƙaiƙayi, zolayarku yake yi.

A da, wannan layin da ya hau jikin dutse daga bayan kasuwa faffaɗa ne, har jakuna biyu da kaya sukan wuce juna. Can ƙarshensa a sama akwai wani magini, Cindo, yana zaune da tsohuwarsa, Inna Tasalla. Duk gidan da ke layin ginin hannunsa ne, kuma kowace shekara kafin damina shi ake kira yaɓe.

To, Cindo ba ya kankare tsohon yaɓe. Sabo yake ɗorawa a kai, don a wancan zamani, da kaurin bango ake gane girman maigida. Wannan ya ce, "Cindo, ƙara mini yatsa uku." Maƙwabcinsa ya ce, "Ni huɗu." Cindo ya yi dariya ya ƙara wa kowa. Bango na ƙiba, hanya na ramewa, har shekara talatin.

Inda abin ya fi matsewa shi ne kwanar zauren Madugu Barau, babban fataken layin. Zauren nan rani uku Cindo ya yi yana masa zane, baƙi har tsayawa suke kallo.

Wata rana Inna ta dawo daga rijiya ta ce, "Cindo, tuluna yana gugar bango a kwanar Madugu."

Ya ce, "Inna, tulun ne ya yi ƙiba. A rage masa tuwo."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ba kullum ne tulu zai bi ta wurin ba."

Wata Alhamis da hantsi, ana tsakiyar zafin bazara, Allah ya karɓi ran Inna. Aka yi mata wanka, aka sa ta a makara, aka sallace ta a ƙofar gida, maza suka ɗauka suka fara gangarowa. Da aka iso kwanar Madugu, makara ta ƙi juyawa. Aka ja baya, aka sake gwadawa. Gabanta ya doki bangon nan, bayanta ya doki wancan. Wata hanyar kuwa babu, don bayan layin dutse ne tsaye.

Wani ya ce, "A miƙar da ita tsaye mana."

Wani ya ce, "Ko a fito da gawar a naɗe a tabarma."

Cindo ya dafa makarar ya ce, "A kwance ta bar ɗakinta, a kwance za ta sauka."

Rana na ƙara ɗagawa, kafaɗun mutane na rawa. Cindo ya cire takalmi ya durƙusa gaban Madugu.

"Baba Madugu, ka ba ni kusurwar zaurenka."

Madugu ya ce, "Wa ya ɗora yaɓen nan?"

"Ni ne."

"Wa ya sa ka?"

Cindo ya sunkuyar da kai. "Kai ne, Baba."

Madugu ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya kalli likkafanin. Ya ce, "Fasa. Amma ba zaurena kaɗai zai zauna a gutsure ana nuna shi da baki ba. Duk wanda ya ci hanyar nan, sai ya amayo ta."

Liman ya juya ya ce, "Jama'a, kun yarda?" Mai yatsa uku da mai yatsa huɗu duk suna riƙe da makarar. Suka ce sun yarda.

Aka kawo diga. Wani ya miƙa hannu zai karɓa, Cindo ya hana. Ya ce, "Ni na tare mata hanya." Ya sari zanen da ya fi so a duniya. Yaɓe ya riƙa ɓantalowa falle-falle, kowanne Cindo ya san shekarar da ya ɗora shi. Bai tsaya ba sai da tubalin asali ya bayyana. Makara ta wuce a kwance, ko bango ba ta taɓa ba.

Bayan sadakar bakwai ya fara daga sama, gida-gida, yana sare kusurwa yana shafe ta da hannu har ta yi sumul. Bai sake yi wa kowa zane ba. Shekara tara ya yi a kan aikin, ranar da aka sauko da shi a makara kuwa ba a tsaya ko'ina ba.

Shi ya sa har yau, duk da siminti ya kori laka, in an ta da sabon bango a Hawan Magina sai an ɗauko makarar masallaci babu kowa a ciki, an gangaro da ita daga sama har bakin kasuwa. In ta taɓa ginin, a rushe. Gobe in kun bi ta kwanar Madugu, ku daina gudu, ku shafa bangon, ku yi wa Inna Tasalla addu'a.