Dokar Hana Jakai Shiga Birni

An ce wani sarki ya yi zamani a wani birni mai ganuwa. Mutum ne mai kyauta da fara'a, ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai Allah ya yi shi da gaggawa. In ya ce a kawo ruwa, kafin a ɗauko moɗa ya tambaya sau biyu. In ana karanta masa wasiƙa, sai ya ce a faro daga ƙarshe.

To, birnin nan yana da wata al'ada da sarki ya tarar tun kaka da kakanni. Yaƙi da sulhu na sarki ne, naɗi da tuɓewa nasa ne, amma duk dokar da za ta hau kan talakawan gari, ta kasuwa ce, ta rijiyoyi ce ko ta hanyoyi, ba ta zama doka sai ta bi ta majalisar gari. Mutum goma sha ɗaya ne a cikinta, kowace unguwa da nata wakili, suna zama duk ranar Laraba da hantsi a wani zaure kusa da kasuwa. Shugabansu wani tsohon baduku ne da ake kira Malam Jatau, wanda in ba ranar zama ba kullum yana rumfarsa yana ɗinkin takalma.

Rannan sarki yana dawowa daga kilisa, rana ta fara zafi, sai ya tarar da babbar ƙofar birni a cushe da jakai: na itace, na ruwa, na ƙasar gini, kowa na neman shiga a lokaci guda. Dogarai suka yi ta tsawa, jakai ko a jikinsu. Can wani jaki ya ɗaga kai ya fashe da kuka a kunnen dokin sarki. Doki ya zabura, gefen rawanin sarki ya sarƙe a damin itace, jakin kuwa ya ci gaba da tafiyarsa. Rawani ya yi ta warwarewa har ya bar sarki da hula kaɗai. Jama'a duk suka sunkuyar da kai, sarki kuwa ya san ba ladabi ne ya sunkuyar da su ba.

Yana isa fada ya ce wa waziri, "Rubuta. Daga yau kada jaki ya sake shiga birnin nan daga fitowar rana har faɗuwarta."

Waziri ya rubuta, sannan ya ce a hankali, "Allah ya ja zamaninka, irin wannan ta majalisar gari ce."

Sarki ya ce, "Aika musu. Ina son ta dawo kafin azahar."

Kafin azahar ɗin amsa ta dawo, amma ba doka ba. Malam Jatau ya ce yana gaida sarki, takarda ta iso lafiya, za a karanta ta ranar Laraba, in Allah ya yarda nan da mako uku sarki zai ji abin da aka yanke.

Sarki ya sa aka kira shi. Tsoho ya zo da ƙanshin fata a hannunsa, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya zauna kamar wanda aka gayyato cin tuwo.

Sarki ya ce, "Malam, maganar da na faɗa da numfashi ɗaya, me ya sa take bukatar mako uku?"

Malam Jatau ya ce, "Ya sarki, kai numfashi ɗaya ka yi wajen faɗa. Waɗanda za su ɗauke ta, su da 'ya'yansu, shekaru za su yi ba su sauke ba."

"To me kuke yi da ita har mako uku? Jiƙa ta kuke yi?"

"Karanta ta muke yi sau uku, ya sarki. Sau ɗaya don kunne, sau ɗaya don ƙafa, sau ɗaya don hannu."

Sarki, duk da fushinsa, mutum ne mai son magana mai lauje. Ya gyara zama ya ce, "Warware mini."

Tsoho ya ce, "Larabar farko magatakarda zai karanta, mu ji kawai, ba mai cewa uffan, kowa ya tafi da ita gida ta kwana bakwai a kunnensa. Laraba ta biyu ta ƙafa ce: duk wanda dokar za ta shafa ya tako ya zo ya faɗi tasa, har da wanda ya kawo ta. Ta uku kowannenmu zai ɗauki ƙwallon dabino ya shiga bayan asabari, ya jefa a tulun amincewa ko na ƙi, a juye a ƙirga a gaban kowa."

Sarki ya ce, "Gaya mini gaskiya, wa ya fi girma, ni ko majalisarku?"

"Kai ne, ya sarki, nesa ba kusa ba. Shi ya sa muke zama. Ƙaramin mutum in ya juya a ɗaki ba abin da yake fashewa. Babba in zai juya, gara a fara duba inda tukwane suke."

Sarki ya so ya yi dariya, ya tuna da rawaninsa, ya fasa. Ya ce, "Na ji. Zan zo Laraba ta biyu da kaina. Amma ka sani, in na tarar ɓata lokaci kuke yi, zan rufe zauren nan in mayar da shi rumbun gero, kai kuma ka koma wa takalmanka gaba ɗaya."

Malam Jatau ya ce, "Takalma ba za su ƙi ba, ya sarki. Sun daɗe suna kukan Laraba."

Ranar ta zo. Sarki ya tarar da zaure a cike, mutane har waje suna leƙe ta taga. Wakilai na zaune a jere a kan tabarmi, Malam Jatau a tsakiya, gabansa akwai kwatarniya cike da ruwa da wani ƙaramin ƙoƙo mai huji a gindi. Magatakarda ya kira sunayen wakilai, tara suka amsa. Tsoho ya ce tun da an kai bakwai zama ya halatta. Aka yi addu'a, aka maimaita abin da aka tsayar wancan mako, aka tambaya ko akwai mai gyara. Wani wakili ya ce an rubuta zurfin rijiyar unguwarsu gaba goma alhali gaba sha biyu ne. Aka gyara. Sarki yana ta kaɗa ƙafa.

Sannan aka karanta dokar jakai. Malam Jatau ya ce, "Mai doka shi ke fara magana. Ya sarki, ga ƙa'idarmu: za a ɗora ƙoƙon nan a kan ruwa, in ya nutse magana ta ƙare, ko ta wane ne."

Aka ɗora ƙoƙo. Sanƙiran sarki, bisa sabo, ya miƙe ya fara jero kirari, ya faro daga kakan kakan sarki yana gangarowa. Bai kai ga mahaifin sarki ba ƙoƙo ya yi ƙulum ya nutse.

Malam Jatau ya ce, "Mun gode wa sarki. Na gaba."

Sarki ya ce, "Ai ban ce komai ba!"

Tsoho ya dubi wakilai ya ce, "Mai magana yana roƙon ƙarin ƙoƙo guda. Akwai mai goyon baya?" Wakilin marina ya ce ya goya. Aka tambaya ko akwai mai ja, ba a samu ba. Aka tsamo ƙoƙo aka sake ɗorawa. Wannan karon sarki ya harari sanƙira ya zauna, ya yi magana da kansa, kuma ya yi ta da kyau: ƙofa ta cushe, mutane na makara, marar lafiya ba ya samun wucewa, baƙi na raina birnin. Bai ambaci rawani ba. Ya gama ƙoƙo bai kai rabi ba, ya ji daɗin kansa ƙwarai, don ya ga wasu wakilai suna gyaɗa kai.

Sai aka kira masu ja. Wani magini ya ce in ƙasa ba ta shigo da rana ba, ba ginin da zai tashi. Wani mai gidan burodi ya ce tandarsa ba ta san wata doka ba sai itace. Sarki ya ji su, amma a ransa ya ce duk wannan ana iya shirya shi.

Daga nan wata mata ta taso daga can baya, gajera, zaninta a ɗaure tamau, duk ƙafarta taɓo. Sunanta Tabawa, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da jakai biyu, da su take ɗebo ruwa daga rafi tana sayarwa gida gida. Ta durƙusa ta gaida majalisa, sannan ta gaida sarki.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban iya magana ba. In an hana jakaina shiga da rana, ni da yarana mun shiga uku, wannan kowa ya sani. Amma gaskiya sarki ya faɗa, ƙofar nan ta cushe, mu ma ba daɗi muke ji ba. Da can ba ma bi ta nan. Ta Ƙofar Kuka muke shiga, ƙaramar nan ta wajen rafi. Har yau babban jakina kullum sai ya karkata can ya tsaya gaban bango yana kallo, sai na ja shi mun zagayo. Tun da aka toshe ta bara, jakan gabas da na yamma duk suka koma ƙofa ɗaya."

Sarki ya manta da ƙa'ida ya ce, "Wane marar tunani ne ya toshe ta?"

Zaure ya yi tsit. Tabawa ta dubi ƙasa. Wakilai suka dubi rufin ɗaki. Malam Jatau ya ce, "Magatakarda, duba mana, ko mu ne."

Magatakarda ya buɗe takardu ya yi ta dubawa, ya ce bai ga inda maganar ta taɓa zuwa zauren nan ba.

Sai waziri ya matso ya raɗa wa sarki a kunne, amma saboda shirun da aka yi har na bakin taga sun ji: "Allah ya ja zamaninka, jiminun nan da aka aiko maka bara. Ka ce a faɗaɗa musu shinge har jikin ganuwa, a toshe ƙofar kada su fice. Ka ce gyaran gida ne, ba sai an kai majalisa ba."

Sarki ya tuna. Bayan cin abincin rana ya faɗi maganar, yana wanke hannu, bai sake tunawa da ita ba. Ya dubi ƙafafun Tabawa, ya kwatanta nisan zagayen da take yi sau nawa a yini, shekara guda cur, saboda tsuntsaye shida da shi kansa bai leƙa su ba tun damina. Kunya ta kama shi fiye da ta ranar rawani.

Ya miƙe ya ce, "Na janye dokata. Kuma yanzun nan a je a fasa bangon, a buɗe Ƙofar Kuka!"

Mutane suka fara sowa. Malam Jatau ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Janyewa haƙƙin mai doka ne, mun karɓa, a rubuta. Buɗe ƙofa kuwa, ya sarki, sai an karanta sau uku."

Sarki ya buɗe baki. "Malam, alheri ma sai ya jira?"

"Ya sarki, waccan ma da ka toshe, alheri ka nufa ga jiminu. Shekara guda ke nan da rufe wurin. Na ji an ce masu tukwane sun kafa rumfuna a jikin bangon ta waje, wata tsohuwa ma ta yi ɗaki. In aka fasa yau, gobe wata Tabawar za ta zo nan da kukanta."

Sai dariya ta ƙwace wa sarki, ya yi ta yi har ya dafa kafaɗar waziri. Ya ce, "To lambuna fa? Shi ma sai an karanta?"

Tsoho ya ce, "Lambunka gidanka ne, ba ruwan majalisa."

Sarki ya juya ga Tabawa ya ce, "Baiwar Allah, akwai wata ƙofa a bayan lambuna da ke fita rafi. Daga gobe ke da duk masu ruwa ku bi ta nan har majalisa ta gama aikinta."

Tabawa ta ce, "Allah ya saka da alheri. Amma ranka ya daɗe, a gaya wa mai lambu ya kare latas ɗinsa, don jakaina ba su da kunya."

Haka aka yi. Mako uku jakai suna ratsa lambun sarki, suka cinye abin da suka cinye. Masu tukwane suka zo Laraba ta biyu suka faɗi tasu, aka gyara dokar buɗe ƙofar aka ba su fili gefen hanya, aka sa fada ta gina wa tsohuwar wani ɗaki kafin a taɓa bango. Ranar jefa ƙwallo aka juye tuluna, goma suka amince, ɗaya ya ƙi. Sarki ya yi ta son ya san ko wane ne, ba wanda ya gaya masa, shi kuma bai matsa ba. Aka buɗe Ƙofar Kuka, aka mayar da jiminu wata gona a bayan gari.

Ranar da aka buɗe, sarki ya biya ta rumfar Malam Jatau ya same shi yana huda fata. Ya ce, "Malam, na zo da niyyar rufe zaurenku, na koma da abin da malaman fada ba su koya mini ba. Amma har yanzu ina ganin tafiyarku da nawa."

Tsoho ya ajiye basilla ya ce, "Da nawa kam, ya sarki. Adalci ba ya sukuwa. Yana tafiya ne daidai da takun wanda ya fi kowa nauyin kaya, don kada ya iso ya tarar ya baro shi a hanya."