Daƙuwar da Malami Ya Yi a Hanyar Isa

Akwai wani malamin firamare a Sabon Birni, sunansa Malami, mutum mai fara'a da girmama jama'a matuƙar yana tafe da ƙafafunsa. Amma da zarar ya riƙe sitiyari, to sai dai ku taya shi da addu'a.

Motarsa 'yar ƙarama ce mai ƙofa biyu, irin wadda in babbar mota ta gifta ta da gudu sai ka ga tana rawa. Abokan aikinsa Gwangwani suke ce mata. Yakan yi dariya in sun faɗa, amma abin yana cinsa a rai. Direbobin manyan motoci kuwa sun sha tura shi gefe, har sau biyu yana faɗawa gonar mutane. Tun daga nan ya rantse ba mai sake korarsa daga kan kwalta, ko da tirela ce.

Wata safiya a tsakiyar damina ya ɗauki mahaifiyarsa, Inna Saude, zai kai ta Isa sunan jikarta, don ƙanwarsa ce ta haihu. Tsohuwa ta zauna a gaba, kwalbar man shanu a cinya, carbi a hannu.

Wanda ya san hanyar nan ya san ta. Kwalta ta cinye, ruwa ya cika ramuka, ba ka sanin zurfin rami sai ka faɗa. Gero da dawa sun yi tsawo sun rufe hagu da dama. Ga kuma mutanen daji, waɗanda kowa ke tsoro ba ya son ambata. A hanyar nan ko fitsari ya matse ka, riƙewa kake yi sai ka isa gari.

Sun yi nisa kenan sai Malami ya ji hon a bayansa. Ya duba madubi. Wata kanta ce, irin motar ɗaukar kayan nan, shaƙe da buhuna, tana tafe kamar za ta tashi sama, direban yana kunna fitila yana kashewa.

Inna ta ce, "Malami, kauce ka ba shi hanya."

Ya ce, "Inna, ba ni kaucewa. Hanyar ubanai ta?"

"Ba ka san abin da ya koro shi ba."

"Iskanci ya koro shi. Yau za ni koya mai hankali."

Jama'a, ku ji abin da bawan Allah ya yi. Maimakon ya matsa gefe, sai ya koma tsakiyar hanya ya rage gudu. In kanta ta nemi dama, ya karkata dama. In ta nemi hagu, ya tare hagu. Har da ɗan murmushinsa. Haka ya yi ta jan mutumin nan fiye da minti ashirin, hon yana tashi ba ƙaƙƙautawa.

Sai wasa ya fara ɓaci. Kanta ta matso har Malami ya daina ganin fuskar direban a madubi, sai ƙarafan gabanta kawai. Ya ji ɗan ƙaramin duka daga baya, Gwangwani ta yi tsalle. Murmushi ya ɗauke.

Inna ta dafe gaban mota. "Innalillahi! Malami, don girman Allah! Kashe mu zai yi!"

Yanzu kam yana son kaucewa, amma wurin ya matse, kwazazzabo ne a gefe. Da suka fita daga matsin, direban bai jira an ba shi hanya ba. Ya sauka kan ciyawa ya danno, jikin kanta ya goge madubin gefen Malami ya ɓalle shi, taɓo ya watso ta taga ya wanke wa Malami fuska da farar rigarsa ta suna.

Tsoro ya juye ya zama fushi. Malami ya zura hannu ta taga, ya ware yatsunsa biyar, ya yi wa direban daƙuwa. Bai tsaya nan ba, ya ƙwala da iyakar muryarsa, "Uwaka! Na ce uwaka!"

Inna ta ce, "Subhanallahi!"

Jajayen fitilun bayan kanta suka kama.

Wallahi a wannan lokacin Malami ya so a ce hannun nan ya shanye kafin ya ɗaga shi. Kanta ta tsaya cak a gabansu, ƙofar direba ta fara buɗewa. Malami bai yi shawara ba, ya murɗa sitiyari ya raɓa ta gefe, ya taka totur. A madubin ciki ya ga ƙofar ta rufe, kanta ta taso.

Ɗazu shi ke tare hanya, yanzu shi ake bi. Gwangwani tana kuka tana faɗawa ramuka, kan Inna yana bugun rufi. Kwalbar man shanu ta suɓuce ta faɗi. Ba mota a gaba, ba mai babur, ba ko manomi ɗaya a bakin gona. Malami ya lalubi waya da hannu ɗaya, ya ga ba sabis. Abu ɗaya ke yawo a kansa: in kantar nan ta hau su, ta gefen Inna za ta fara, kuma shi ya jawo mata.

"Inna, ki yahe mani," ya ce.

"Dubi gabanka!"

Bai duba da wuri ba. Wani faffaɗan rami cike da ruwa ya tare hanya, Gwangwani ta afka ciki, inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa. Shiru.

Kanta ta ci burki a bayansu, har iskarta ta girgiza motar.

Direban ya diro. Ƙato ne, baƙi, idanunsa jawur, riƙe da dogon ƙarfen kwance taya. Malami ya ɗaga gilashi ya danne makullin ƙofa, kamar hakan zai hana wani abu. Mutumin ya shigo ruwan har gwiwa, ya ɗaga ƙarfe ya sauke a gilashin gaba. Gilashi ya tsage tun daga sama har ƙasa.

"Hito! Hito ka maimaita! Uwar wa ka zaga?"

Malami ya kasa ko motsi. Malamin da ke tsawata wa aji guda su yi tsit, ga shi ya lafe a kujera yana kalmar shahada.

Sai ya ji ƙarar buɗe ƙofa. Ba tasa ba, ta Inna.

"Inna, a'a! Inna!"

Ina! Tsohuwa ta riga ta sa ƙafa cikin ruwa. Ta dafa jikin mota ta zagayo a hankali, zanenta yana jan taɓo, har ta tsaya tsakanin ƙarfen da tagar ɗanta. Tsawonta ko kafaɗar mutumin bai kai ba.

Ta ce, "Ɗana, uwarka ya zaga, na jiya da kunnena. To ga tashi uwar nan gabanka. Ni na haihe shi. Rama a kaina. In zagi ne, zage ni. In bugu ne, ga ni. Amma kada ka ɗauki rai."

Mutumin ya tsaya da ƙarfe a sama. Ya dubi furfurarta, ya dubi carbin da ke hannunta. Ƙarfen ya suɓuce ya faɗa ruwa, ƙaton nan ya dafa murfin inji ya fashe da kuka, kuka mai sauti irin na yara.

"Inna, uwata ta rasu. Yau da asuba ta rasu. Ina lodi a Sabon Birni aka kira ni. An yi mata wanka, ni kaɗai ake jira a sa ta makwancinta. Tun ɗazu nike roƙon wanga mutum ya ba ni hanya, ya ƙiya. Sannan ya zage ta. Yau, Inna. Yau ya samu ya zage ta."

Malami ya buɗe ƙofa ya fito, bai san sanda ya durƙusa cikin ruwan ba.

Inna ce ta yi magana. "Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Mi ne sunanka?"

"Wada."

"Wada, tashi ka tahi. Kada ka ƙara ko minti guda nan. Mu Allah na nan."

Wada ya goge fuska da hannun riga, ya nufi motarsa. Ya kama ƙofa kenan sai ya tsaya. Ya dubi geron da ya rufe hanya hagu da dama, ya dubi tsohuwar da ke tsaye cikin ruwa.

"Ba ni barin tsohuwa a wagga hanya. Kai, taso mu tura."

Su biyu suka tura Gwangwani gefe. Wada ya ɗaga Inna ya sa ta a gaban kanta, Malami ya hau ya takure a bakin ƙofa.

Suka kama hanya. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Da suka shiga inda sabis yake, wayar Wada ta fara ruri, sunan Ibrahima yana fitowa, wato yayansa. Wada ya ɗauka ya ce, "Ga ni nan, na kusa, don Allah ku jira," sai layin ya yanke. Malami yana kallon agogon motar, kowane minti yana faɗo masa a ƙirji.

Suka saki kwalta suka bi wata burji zuwa wani ƙauye a yankin Turba. Yayyafi ya fara sauka. Suna shan kwanar shiga gari sai ga ayarin maza suna tahowa daga bayan gari, ƙafafunsu duk jar ƙasa. Mutum biyu a gaba suna ɗauke da makara.

Ba kowa a cikinta.

Wada ya kashe mota. Ya daɗe bai sauka ba.

Ibrahima ya ƙaraso ya kama hannunsa. "Wada, mun jira, wallahi mun jira. Liman ya ga hadari ya taso, ya ce in ruwa ya cika kabari an wulaƙanta ta. Yanzun nan muka rufe. Ko minti goma ba a yi ba."

Minti goma. Malami ya san ya tare mutumin nan fiye da ashirin, ban da na gudu da na tura mota. Ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Sai Ibrahima ya dubi Malami da Inna, su biyun da ke jiƙe da taɓo. "Su wa ke nan?"

Ga 'yan'uwan mamaciya sun kewaye mota, samari majiya ƙarfi, idanunsu jawur. Kalma ɗaya Wada zai furta. Malami ya runtse ido yana jira.

Wada ya ce, "Motarsu ta mutu a hanya, na taho da su. A kai Inna cikin gida ta sauya zane."

Iyakar abin da ya faɗa kenan. Ya juya shi kaɗai ya nufi maƙabarta cikin ruwan sama.

Malami ya bi shi daga nesa. Ya same shi tsugune a gaban sabuwar ƙasa, ya ɗora tafin hannu a kai. Malami ya tsuguna a bayansa yana kuka. "Wada, ka yahe mani. Don Allah ka yahe mani."

Wada bai waiwayo ba. Ya ce, "Zagin na yahe, albarkacin tsohuwarka. Amma ina son in ga huskar uwata sau ɗaya kahin a ruhe ta. Wannan kam ba ka iya maido mani."

Ba su je suna ba ranar. Inna ta ce ba inda za ta, a nan ta zauna cikin mata aka yi zaman makoki da ita har kwana uku.

Malami ya gyara inji, ya sa sabon madubi, ya sauya gilashi. Har yau yana bin hanyar Isa da Gwangwani. In ya ji hon a bayansa, tun kafin a danna na biyu ya matsa gefe. Wani abokin aikinsa ya taɓa yi masa tsiya, ya ce, "Malam, ina rantsuwar taka? Tsoro ya kama ka?"

Malami ya ce, "Ƙwarai kuwa, tsoro nike ji. Ban san wa ake jira ba."

Darasi: Ba ka san abin da ya koro wanda ke danna maka hon ba. Kauce ka ba shi hanya, ko da shi ne bai kyauta ba, domin matsawa gefe ba ta rage maka komai, amma taurin kai na minti kaɗan yana iya raba wani da abin da ba zai sake samu ba har abada, ko ya jefa wanda ka ɗauko cikin halaka. Riƙe hannunka, riƙe bakinka, kada ka sa uwar kowa cikin faɗan hanya. Kai ma mai babbar mota, ka tuna akwai rai a cikin ƙaramar. Ku tura wa duk direban da kuka sani, musamman wancan ɗan'uwan naku mai saurin zura hannu ta taga.