Goron da Ya Rufa wa Macin Iri Asiri

An ce a garin Tsamiyar Gwanki an yi wani dagaci, Barau, wanda damina ta ƙarato masa da tashin hankali. An raba wa manoma irin gyaɗa, sai ga ƙamshin suya ko'ina. In bai san yawan waɗanda suka cinye nasu ba, ba zai san buhu nawa zai sake roƙowa ba, gonaki su kwana ba shuka. Ya tara mutane ya tambaya. Kowa ya rantse bai ci ba, har mai ɓawo a gemu.

Ya koma gindin rumbu yana huci. Wani tsohon Hankaka da ke ba shi shawara ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ji labarin Magajiya Tabawa da kwarkwata?"

"Ina ji."

"Ta so ta san mata nawa ke da kwarkwata a unguwarta. Duk suka ce babu, suna susa. Sai ta sa goro biyu a jaka, ja da fari, kowace ta zara a ɓoye ta mayar. Mai ja dole ta ce akwai, mai fari ta faɗi gaskiya. Cikin ɗari, saba'in suka ce akwai. Ta cire hamsin na jan goro, saura ashirin cikin hamsin, wato arba'in cikin ɗari. Tana shirin shela sai makitsiyarta ta ce, 'Uwar ɗaki, tsaya in ba ki labarin Sarkin Ruwa Gambo. Sau ɗaya ya tsoma gora a kogi, ya ce iyakarsa ƙugu, ya shiga gaban ayari. Hularsa kaɗai aka gani tana tafiya. Da aka tsamo shi ya ce, daga yau ku ce tsakanin gwiwa da wuya. Jan goron nan ma ba lalle ya fito hamsin cif ba.' Magajiya ta ce a yi shela tsakanin ashirin da sittin, ta tanadi maganin sittin. Kai ma ka yi dabarar goron nan, ka roƙo iri bisa adadin sama."

Barau ya ce, "Na yarda. Amma ba mai sanin kalar da mutum ya zara?"

"Ko ni."

Ya sake tara mutane, ya sa aka kawo jaka da goro biyu, ya fara zara da kansa, ya leƙa tafin hannunsa. Sannan ya dubi jama'a, ya saki ajiyar zuciya, ya ce, "Na ci."