Bushiya Mai Allurar Ƙasar Sin

Ku matso kusa, tatsuniya ta iso, mai jin barci ya daure a gama.

Akwai wata Bushiya, 'yar dunƙulalliya, wadda cikinta bai taɓa cewa ya ƙoshi ba. Kura ta daɗe tana haɗiyar yawu a kanta, ƙayar bayanta ce kawai ta raba su.

Wata shekara yunwa ta kora Bushiya cikin gari, ta laɓe a bayan shagon wani tsohon likita ɗan ƙasar Sin, tana leƙensa ta kafar ƙofa. Mai toshewar hanci ya zo, a yi masa surace da na'a-na'a. Mai jiri ya zo, a dafa masa citta. Wani kuma a kwantar da shi a soka masa siraran allurai, ya tashi yana godiya, gobe ya dawo da kaza. Tsohon nan rabin rayuwarsa ya ƙarar wajen koyon inda ake soka kowace allura. Ita kuwa Bushiya kallo ɗaya ta yi, ta waiga ta dubi bayanta.

Ta ce, "Shi saye yake yi. Ni da kayan aiki aka haife ni."

Ta tsinci gemun bunsuru a bayan mahauta ta liƙa da ƙaro, ta kifa sakaina a ka, ta yafa ganyen ayaba, ta koma daji. Lokacin itatuwa sun yi fure, kowa hancinsa na zuba.

Da gari ya waye ta hau kututture tana shela da muryar tsofaffi: "Ga likita daga Sin! Ni ne na ƙetare teku a kan ganyen shayi! Ni ne na raba kifi da mura!"

Giwa ce ta fara zuwa, idanu jawur. Ta ce, "Malam likita, hancina ya toshe. In zan sha ruwa sai na durƙusa na kafa baki kamar jaki. Yara har dariya suke mini."

"Ranki ya daɗe, wannan ai aikin ɗan koyo ne."

Bushiya ta tafasa na'a-na'a ta sa Giwa ta zura hanci a tukunyar. Ta zaga bayan kututture, ta cije baki ta tsige ƙayoyi daga jikinta, ta dawo ta kafa wa Giwa a yatsun ƙafa. Giwa ko ji ba ta yi ba. Can tururi ya ratsa, ta fyace, sai da tukunyar ta tashi sama. Tururin ne ya yi aiki, amma allura aka yi wa godiya. Don biyan ladan aiki, Giwa ta tokari suri ya tarwatse, Bushiya ta ci gara har gemunta ya karkace.

Da gari ya waye sai ga Raƙumin Dawa yana tangaɗi. Ya ce, "Malam, duk na sunkuya na ɗago kai, sai dajin ya yi ta juyawa da ni."

Bushiya ta ɗura masa ruwan citta, ta jera masa ƙayoyi a idon sawu, don nan ne iyakar tsawonta. Ta ce, "Ka riƙa ɗago kai a hankali, kada ka girgiza mini allura." Ya ɗago a hankali, jiri bai zo ba. Ya sauko mata da saƙar zuma guda.

Labari ya bazu. Gada ta zo, Biri ya zo, har Kunkuru da ba shi da wurin soka allura. Bayan Bushiya ya fara faci-faci, sai ta ƙara jawo ganyen ayaba ta rufe. Ni dai na rasa irin wannan kwaɗayi.

Da gari ya waye sai ga Kura, ta rame, haƙarƙari a waje. Ta ce, "Malam, ka rufa mini asiri. Da na kusanci garken awaki sai atishawa, karnuka su taso. Rabona da nama na manta." Tana matsowa kusa da gemun nan sai ta kama: "Atish! Atish!"

Bushiya ta shafa gemu ta ce, "Kin ji? Ganina kawai cutar ta yi ta fara gudu."

"A sa mini allura fiye da ta kowa. In na warke, hanta da kitse naka ne."

Da jin kitse, hankalin Bushiya ya tafi. Ta zaga baya ta tsige, ta tsige, har ta shafa ta ji babu saura. Ta kafe fuskar Kura da ƙayoyi tun daga goshi har leɓe, ta sallame ta.

Da gari ya waye Kura ta dawo tana ɗingishi, kunne a yage, jiki duk shatar sanda. Ta ce, "Ko shingen ban taɓa ba na yi atishawa." Ta kai wa likita mangari, sakaina ta yi gefe, ganyen ayaba ya zame.

"Au, Bushiya, ashe ke ce."

Bushiya ta yi abin da ta saba tun tana yarinya, ta dunƙule. Daga ciki take cika baki: "Taɓa mana, in kin isa! Ni ce wadda Zaki ya shinshina ya koma gida yana kuka!"

Kura ta sa yatsa ta taɓa. Sumul, kamar ƙwai dafaffe. Ta sake shafawa don ta tabbatar, dariya ta kama ta. A nan Bushiya ta tuna inda ƙayarta take, tsoro ya rufe ta.

Kura ta ɗauke ta ta jefa a baki. Amma gemun bunsurun nan yana nan liƙe, ya shafi hancin Kura. Ta danne, ta runtse ido, ta kasa. "Aaatish!"

Bushiya ta fita kamar an harba ta da danƙo, ta bugi itacen kuka, ta gangara ta faɗa ramin gafiya. Ta leƙo, goshi a kumbure, baya tsirara, ta ɗaga murya:

"Ke Kura, da na warkar da ke, da yanzu ina cikinki! Haka likitan ƙwarai yake, ya san cutar da zai bari. In ƙayata ta tsiro ki dawo, akwai ragi!"

Tatsuniya ta ƙare a bakin ramin gafiya, mai jin atishawa ya juya baya.