Mai Ƙofar Silima

An yi wani mutum a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, Nomau ake ce masa. Ku saurara, ba a takarda na karanta wannan ba. Ni ko alif ban sani ba, amma na ga yunwa, na ga kwalara, na binne sa'o'ina kaf, ga ni zaune da haƙorana. In na ce na gani, to na gani.

A garin akwai gidan silima, wani Balarabe ɗan kasuwa ya gina shi. Ba rufi, sai katanga doguwa da aka kafa wa fasassun kwalabe a ka, da bencinan siminti, da farin bango inda hoto ke fita. Nomau ne mai tsaron ƙofa, shi ke yage tikiti. Ni kuma teburin shayina na gefen ƙofar, shayin da har yau ba a sake yin irinsa ba.

Wata ran bayan magariba, wani saurayi Labaran, ɗan gidan malamai, ya hau katanga zai yi kallon sata. Kwalba ta tsarge masa tafin hannu, ya faɗo tim a gaban teburina. Nomau ya yage rigarsa ya ɗaure hannun, ya goya shi har gidan wanzami. Da uban ya tambaya, Labaran ya ce lauje ne ya yanke shi. Nomau ya bar maganar a haka, ya koma bakin ƙofarsa.

Zamani ya juya, bidiyo ya shigo gidaje, silima ta mutu. Balarabe ya tafi, fili ya koma hannun gari, awaki suka gaje bencina. Nomau ba mata ba ɗa, sai ya tare a ɗan ɗakin sayar da tikiti. Kullum ya share filin, kullum ya share, kamar gobe za a buɗe.

Ana nan sai samarin garin suka tashi za su gyara wurin, a riƙa kallo da taron biki. Labaran kuwa ya zama Alhaji Labaran, babban dillalin hatsi, shi so yake a rushe ya gina sito. In an rushe, ina tsoho zai kwana? Ku riƙe wannan.

Aka taru gaban dagaci. Alhaji ya miƙe, babbar riga na ƙara.

"Ranka ya daɗe, gidan shaiɗan ne. Ni tunda uwata ta haife ni ban taɓa kusantar katangar nan ba. Wannan tsohon kuma da ya ƙare rayuwarsa yana tura 'ya'yan mutane wuta, ya nemi wani wurin."

Yana faɗa yana ɗaga hannu, ga tabon nan ɓaro-ɓaro a tafinsa! Jama'a, jinina ya tafasa. Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba, na buɗe baki ke nan sai na ji an take mini ƙafa. Nomau ne. Tsoho kamar kara, amma sai da yatsana ya yi kwanaki yana zogi.

Dagaci ya ce, "Baba Nomau, kai ne a ƙofa. Su wa ke shiga wurin nan a da?"

Rabin dattawan da ke zaune suka sunkuyar da kai, wani har da tarin ƙarya.

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni tikiti aka sa ni dubawa, ba fuska ba."

"To maganar ɗakinka fa?"

"Ɗakin gari ne. In an ce in fita, tabarmata ba ta da nauyi."

Dagaci ya ce a dawo bayan Juma'a. A hanya na tare shi, na ce, "Kai Nomau, wane irin sakarai ne kai? Kalma ɗaya ta ishe ka!"

Ya ce, "Mai shayi, yana da surukai yanzu, yana da jikoki. In na tsira da ɗaki, shi da me zai tsira?"

Ba a kai Juma'ar ba. Da hantsi ina zaune wurin Nomau sai ga Alhaji Labaran shi kaɗai, ba direba. Ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin tikiti, ya durƙusa.

"Baba, ka gane ni ranar nan?"

"Na gane ka, Alhaji."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ciwon da na ɗaure da hannuna, ba ni zan kwance shi ba."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago sai ya dube ni ya ce, "Kai ma kana nan ashe." Na ce, "Ina nan daram, Alhaji, kuma ƙafata ce ta biya maka."

Ya janye maganar sito. Da aka fara gyara, motarsa ce ta kawo siminti. Samari suka yi wa bango sabon farin fenti, suka rufa rabin filin da kwano, Alhaji da kansa ya ce a kankare kwalaben kan katanga. Ɗakin tikiti aka sa masa ƙofa da taga, Nomau ya zauna abinsa a ciki har Allah ya karɓi ransa. Ni na yi masa wanka, don ba wanda ya fi ni iyawa.

To ku da kuke zaune nan, kowannenku akwai asirin wani a bakinsa: na maƙwabci, na aboki, na matar da ya saka. Yanzu ma abin ya zo muku da sauƙi, kuna latsa waya duniya ta ji. Ranar da aka ƙure ka, ranar da tonawa za ta fisshe ka, ranar ce ake gane ko kai mutum ne. Wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa, Allah zai rufa nasa ranar da ba katangar da za a ɓuya a bayanta. Ku rufe bakinku, jama'a, ku rufe. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira.